Rundunar Gulbi: Littafin Aikin Fentin Ƙananan Sojojin Tururi

9 ga Nuwamba, 2024

Yau da hantsi saƙon da na shafe wata huɗu ina jira ya iso Maraɗi. Ɗan ƙanwar mahaifiyata da ke karatu a Faransa ne ya taho da shi har Yamai, daga can ya damƙa wa direban da ya kawo mini. A ciki akwai ƙananan mutum-mutumi 22 na farin ƙarfe, wato kuza da aka gauraya da wasu ƙarafa, kowannensu tsayinsa milimita 28 ko ya ɗan ɗara, abin da bai kai gaɓa biyu na yatsa ba. Akwai kuma kwalaben fenti 14 na Vallejo, ƙirar ƙasar Sifen, masu cin mililita 17, da buroshi uku, da wani injin yaƙi mai ƙafa huɗu da aka zuba da roba mai tauri wadda ake kira rezin.

Salon da waɗannan mutane suka fito daga cikinsa shi ne wanda Turawa ke kira sitimfank, ni kuwa a nan zan riƙa ce masa duniyar tururi. Ƙaga ce ta cewa zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila ya ci gaba da ƙirarsa ta tukunyar tururi da tagulla da haƙoran agogo har ya kai ga jiragen sama da injunan da ke tafiya da ƙafa. Marubucin Amurka K. W. Jeter ne ya raɗa sunan a 1987, cikin wata wasiƙa da ya aika wa mujallar Locus, amma tushen abin yana wajen marubutan nan Jules Verne da H. G. Wells. Shi Wells ɗin ma ya wallafa ƙa'idojin wasa da ƙananan sojoji tun a 1913.

Ƙa'idojin wasan da na zaɓa wa mayaƙan nan su ne na In Her Majesty's Name, waɗanda kamfanin Osprey ya buga a 2013, kuma labarinsu yana faruwa ne a shekarar 1895. Na duba Malifaux, wanda ake yi da kati maimakon ƙwayar jefawa irin ta ludo, na duba Warmachine da ya fito a 2003, sai na ga duka biyun suna ɗaure mutum ga mayaƙan kamfaninsu. Wannan kuwa ya bar ƙofa a buɗe: mutum yana iya ƙirƙiro rundunarsa, ya lissafa wa kowane mayaƙi maki, kuma mutum goma a kowane ɓangare sun wadatar a kan tebur mai faɗin santimita 90. Niyyata ita ce in bar 11 yadda suka zo, ayarin Turawa masu neman ma'adinai, sauran 11 kuma in sauya musu kama su zama mutanen wannan ƙasa.

24 ga Nuwamba, 2024

Mako biyu ke nan ban buɗe kwalbar fenti ko ɗaya ba, domin gyaran ƙarfen shi ne kan gaba. Kowane mutum-mutumi yana fitowa da siririn layi a gefensa, inda ɓari biyu na mazubi suka haɗu, kuma idan aka bar shi fenti ba ya rufe shi, ƙara fito da shi yake yi. Da reza da ƙaramin magagari na kankare su, sannan na wanke su da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, saboda maiƙon da ake shafa wa mazubi yana hana fenti kamawa.

Hannuwa biyar sun zo a ware. Gam mai saurin kamu shi kaɗai ba ya riƙe ƙarfe idan aka yi ta ɗauka ana ajiyewa, don haka na huda kafaɗa da hannu, na cusa guntuwar waya a tsakani kafin in manna. Maimakon gindin roba, na sayi zobban ƙarfe masu faɗin milimita 25 wajen masu sayar da kayan gyaran babur, na dasa kowane mayaƙi a kan ɗaya. Suna da nauyin da ke hana faɗuwa, kuma mayen ƙarfe yana kama su, abin da zai yi amfani ranar da za a yi musu akwati.

15 ga Disamba, 2024

An samu koma baya. Kafin launi, dole a yi wa ƙarfe shafen farko wanda fenti zai zauna a kansa, kuma da yake ba a ɗaukar gwangwanin feshi a jirgin sama, sai na sayi na feshin mota a kasuwa. Na fita tsakar gida da rana, hunturu yana kaɗawa, na fesa wa shida. Da suka bushe sai na tarar da jikinsu ya yi kaushi kamar an yayyafa musu rairayi, fuskokin sun toshe, maɓallan riguna sun ɓace. Dalilin a fili yake: iskar ta bushe ƙwarai, ɗigon fentin yana bushewa tun yana sama, sai ya sauka a matsayin gari, ga kuma ƙurar da ke yawo ta manne a kan sauran danshin. Na jiƙa su kwana guda a cikin ruwan goge fenti, wanda ƙarfe ke jurewa amma rezin ba ya jurewa, na dirje su, suka koma fes.

Daga yanzu da buroshi nake yin shafen farko, a cikin ɗaki, bayan sallar asuba lokacin da ƙura ba ta tashi ba, kuma da zarar na gama sai in kifa musu roba. Na kuma haɗa abin da ya fi kowane kayan aiki taimakona zuwa yanzu, wato faranti mai danshi. Robar abinci ce mai murfi, an shimfiɗa jiƙaƙƙen soso a ciki, an ɗora takardar gashi da na samo wajen masu yin kek. Fentin da ke bushewa cikin minti biyu a kan tasa yana yin awa a kan wannan takarda bai ƙafe ba. Yawancin shawarwarin da na karanta a intanet mutanen Ingila ne suka rubuta su, waɗanda kukansu yawan danshi ne, mu kuwa namu kukan rashinsa ne.

5 ga Janairu, 2025

Kawuna ya zo gaishe da mahaifiyata ya same ni a zaure da kayan a shimfiɗe. Ya ɗauki ɗaya, ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce, "Kai yaro, me ya haɗa ka da gumaka?" Na ce, "Kawu, Allah ya ja kwana, ba na girmamawa ba ne, ƴaƴan wasa ne kamar na dara, kuma ba a sa ko dala a kansu." Na nuna masa cewa a cikin akwati suke kwana, ba na jera su a ɗakin da nake salla, ba na kuma barin su su ci mini lokacin ibada. Ya ce in kiyaye wannan iyaka, na kuwa yi masa alkawari, domin tambayarsa tana da nauyi a wurina kuma ni kaina na daɗe ina auna ta kafin in fara.

Da ya ji cewa mayaƙan Maraɗi nake son yi, sai ya gyara zama. Na riga na fara naɗa wa uku rawani da ƙullun ƙira, wanda ke zuwa zubi biyu, rawaya da shuɗi, a murza su tare har su koma kore, sannan ya taurare cikin ƴan awoyi. Ya dubi naɗin ya ce na ƴan kasuwa ne, ba na fada ba, ya kwance nasa ya sake naɗawa a gabana a hankali, har da amawali, domin in ga inda ninki ke hawa kan ninki. Ya kuma bayyana mini lifidi yadda ya sha gani a hawan salla: riga ce mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke gida-gida, doki ma a sa masa tasa, mahayin kuma ya ɗora kwalkwali mai gashin jimina. Na ɓamɓare rawunan uku na sake su a daren.

Wannan ziyara ta sa na tsayar da labarin rundunar. Maraɗi gari ne da Katsinawan da suka baro Birnin Katsina bayan jihadi suka kafa mulkinsu a cikinsa, a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, kuma sun shafe ƙarni na 19 kusan duka a kan doki. A 1895 Bature bai mallaki nan ba tukuna. Shekara huɗu bayan haka, a 1899, ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar, ya ƙone Birnin Ƙonni da garuruwa masu yawa, kafin a kashe jagororinsa biyu a yankin Tasawa cikin watan Yuli. Yawancin mayaƙan da ake sayarwa a wannan salo Turawa ne masu hular rana, mutanen Afirka kuwa, in an yi su, da mashi kaɗai ake barinsu. Ba zan mayar da abin da ya faru a 1899 wasa ba, domin jinin mutane ne. Amma tunda duniyar ƙaga ce, ina da damar in tambaya: da a ce maƙeran wannan gari ne suka riga kowa gane ƙarfin tururi, yaya rundunar Ƙaura za ta kasance? Shugabanta zai ɗauki sarautar Ƙaura, wanda yaƙi ke hannunsa a fadar Katsina da ta Maraɗi, ba tare da na jingina shi ga wani mutum na tarihi ba.

2 ga Fabrairu, 2025

Watan da ya wuce duka a kan tagulla ya tafi. Wani dattijo mai gyaran agogo a bakin babbar kasuwa ya tara mini matattun agogo guda tara a kan jika ɗaya, ya kuma zauna ya nuna mini yadda haƙori ke shiga haƙori. Daga wurinsa na ɗauki ƙa'idar da zan bi. Na sha ganin hotunan aikin wasu inda ake manna ƙafar agogo, wato ɗan faifan nan mai haƙora, a kan hula ko a ƙirjin riga ba tare da tana juya komai ba, kuma a ganina wannan ne ya fi ɓata salon. Duk ƙafar da na dasa sai ta ciji wata, duk bututu sai ya fito daga tukunya ya je wani wuri. Mayaƙa huɗu sun samu tukunyar tururi a baya, wadda na yi da murfin biro da wayar wuta, bututunta yana bi ta ƙarƙashin hamata zuwa bindiga.

Launin ne ya ba ni wuya. Fentin tagulla idan aka shafa shi kai tsaye yana fitowa kamar zinariyar jabu. Hanyar da na bi ita ce in fara da ruwan ƙasa mai duhu, in ɗora tagulla sirara sau biyu, in kwarara baƙi-baƙin fenti mai ruwa sosai domin ya taru a lunguna, sannan in taɓa gefuna da tagulla da aka ɗiga wa azurfa. Daga nan littattafai suna cewa a sa koren tsatsa, irin wadda ke fitowa a jikin jan ƙarfe. Na gwada a kan biyu, suka yi kyau a ido, amma wani abu ya ƙi kwanta mini a rai.

Na ɗauko tsohuwar tasar tagulla ta kakata, na je maƙera na dubi kayan da ke rataye, na kuma tsaya kan likkafa da linzami a wajen masu kayan doki. Koren nan ƙalilan ne, domin danshi ne ke haifar da shi, mu kuwa wata takwas muke yi ba ruwa. Abin da ke jikin ƙarfenmu shi ne duhun hannu, da sheƙi a inda ake yawan kamawa, da jar ƙura da ta cika kowane rami. Sai na ɗebo jar ƙasa, na daka, na tankaɗe da tsumma, na shafa garin da busasshen buroshi a cikin lungunan injuna da bakin takalma, na ɗiga masa ruwan gam kaɗan don ya zauna. Nan take tukwanen suka yi kama da kayan da suka sha hanyar Jibiya. Koren tsatsa na bar wa ayarin Turawa, waɗanda kayansu suka ƙetaro teku, kuma yanzu ko daga nesa ana bambanta rundunonin biyu ta jikin ƙarfensu.

16 ga Maris, 2025

Azumi ya rage aiki, kuma haka ya dace. Da la'asar hannu yana rawa, idon mutum-mutumi kuwa ɗigo ne da bai kai ƙwayar gero ba. Rabin awa nake samu bayan asham, a ƙarƙashin fitila mai cajin rana. Na gama takalma da ɗamara na ayarin Turawa, ba ƙari.

20 ga Afrilu, 2025

Zafi ya kai inda ya kai. Ma'aunin da ke ɗakina ya nuna digiri 42 a makon jiya, fari da rawaya sun fara kauri a cikin kwalba, kuma ƙafar baya ta injin rezin ta lanƙwashe saboda na bar shi kusa da taga. Na tsoma ta a ruwan zafi na ɗan lokaci har ta yi laushi, na miƙar da ita, na tsoma a ruwan sanyi ta tsaya. Kwalaben fenti yanzu suna zaune a cikin roba a gindin randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Ƙullun ƙira ma yana taurarewa da wuri a wannan yanayi, don haka ɗan kaɗan nake murzawa a lokaci guda.

Abin da ya faranta mini rai shi ne fata da tufafi. Kuskuren da ake yawan yi wajen fentin baƙar fata shi ne a haska ta da fari, sai mutum ya fito furu-furu kamar wanda hunturu ya busa bai shafa mai ba. Na fara da ruwan ƙasa mai ja-ja, na zurfafa inuwa da ɗigon shuɗi mai duhu, na haska goshi da karan hanci da kumatu da ruwan goro da aka sirka. Ban yi musu launi ɗaya ba, domin ko a gida ɗaya akwai baƙi akwai wankan tarwaɗa, kuma runduna ba ta fita daga wannan.

Rawanin Ƙaura turkuɗi ne, irin wanda aka san garin Kura na ƙasar Kano da shi. Wanda bai san shi ba zai ce shuɗi ne kawai, alhali idan rana ta doke shi yana ɗaukar wani ja-ja mai ƙyalli, saboda bugun da ya sha da shunin da ya ƙoshi da shi. Na shimfiɗa shuɗi mai kusan baƙi, na bi kan ninkin da launin da ke tsakanin shuɗi da ja, shafe bakwai sirara, kowanne sai ya bushe kafin na gaba. Kwana uku na yi a kan abin da bai kai ƙwayar wake ba. Lifidin mayaƙa uku kuma na yi shi gida-gida, ja da rawaya da fari, yadda Kawu ya kwatanta. Da na kai masa ya gani, ya sa tabarau, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce gashin jiminar ya yi gajarta. Na ƙara masa tsawo.

25 ga Mayu, 2025

An gama mayaƙa 19, saura uku da injin. Na juya ga filin wasa. Kafinta ya yanka mini katako santimita 90 ta kowane gefe, na shafe shi da farin gam, na barbaɗa rairayin da na ɗebo daga Gulbin Maraɗi tun kafin ruwa ya sauko. Rairayin sai da na wanke shi na shanya, na tankaɗe gida biyu, mai laushi don fili, mai tsakuwa don bakin hanya. Da kwali da ƙullun takarda na gina zaure mai zanko, da katanga, da rumbuna uku masu jinkar ciyawa da na yi da zaren igiya. Tsohon gari nake kwatantawa, wanda ke cikin kwari kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu.

Ta gefe ɗaya na shimfiɗa layin dogo da sandunan ashana da waya. A tarihi jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma shekaru da dama gyaɗar wannan yanki can take nufa, amma dogon bai taɓa tako Maraɗi ba. Sai a Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin da zai taso daga Kano ya biyo ta Katsina da Jibiya ya ƙare a nan. A kan teburina dai ya iso tun 1895, kuma a kan tasharsa rundunonin biyu za su yi karo.

6 ga Yuli, 2025

Damina ta zo da nata darasi. Na shafa wa mayaƙa biyu fentin kariya marar launi washegarin wani ruwa mai ƙarfi, sai ya bushe da hazo fari-fari a kansu, domin danshi ya shiga cikinsa. Na jira rana ta buɗe, na ɗora mai sheƙi, hazon ya ɓace, sannan na mayar da marar sheƙi a kai. Rawanin Ƙaura da tagulla kaɗai na bari da ɗan ƙyallinsu.

Jiya bayan la'asar muka yi wasan farko da ɗan yayana mai shekara 14. Ya ce, "Baba, ni Ƙaura nake so," na bar masa, na riƙe ayarin Turawa. Da ƙwaya mai fuska goma ake yi, ana auna tafiya da inci, kuma duk wanda harbi ya sama sai a jefa masa ƙwaya a ga ko ƙarfin zuciyarsa zai tsayar da shi. Ya ɓoye ƴan bindigarsa bayan rumbuna, ya tura masu lifidi ta cikin zaure, ya kame tasha a zagaye na biyar. Mun tashi kafin magariba. Wasan ya nuna mini cewa makin da na ba masu tukunyar tururi ya yi araha, don haka zan ƙara musu, kuma bututun mutum ɗaya ya ɓalle, yana bukatar waya a ciki kamar hannuwan.

Saura injin mai ƙafa huɗu, wanda har yanzu shafen farko ne kawai a jikinsa. Na yanke shawarar ɗora masa sirdin raƙumi da tukunya a inda tozo yake, kuma dattijon mai agogo ya ce in koma ranar Juma'a, ya ajiye mini ƙafafu biyu manya daga wani agogon bango.